Meram da Sabuwar Muryarta

Unguwar Tsohuwar Kasuwa,
Potiskum, Jihar Yobe.

Zuwa ga ƙanwata, autar Hajja, Khalida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo miki gaisuwa tun daga tsakar gidanmu har inda kike a Jidda, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku rufin asiri, ya raya mana Raudatu da ƙanenta, ya ba ki juriyar aikin jinyar da kike yi, don na san irin tsayuwar da ke cikinsa. Mu ma nan lafiya muke, alhamdu lillahi. Damina ta yi kyau bana, gonar Ngojin ta ba da gero da wake fiye da yadda muka zata, sai dai gyaɗa ce ba ta yi abin kirki ba. Hajja tana nan da sauran ƙarfinta, illa gwiwa da take kuka da ita, da kunnen da ya ƙara nauyi. Yayanki Babaji yana ta fama da lodin shanu zuwa kudu, furfura ta cika masa gemu amma ya ƙi yarda ya tsufa.

Maƙwabcinmu Malam Kyari zai tafi umara, shi zan danƙa wa takardar nan. Na san za ki ce ga waya a hannu, me ya kawo rubutu. Maganar doguwa ce, kuma duk lokacin da na fara miki ita a waya sai in kauce in shiga zancen yara. Kin tambaye ni gaskiyar abin da kike gani ana yaɗawa a kan yayarki Meram, wasu na cewa ta yi aure a ɓoye, wasu na cewa abokan sana'a ne suka yi mata asiri, har da marasa tsoron Allah da suka sanar da mutuwarta tana zaune kusa da ni tana tsince shinkafa. Duk ba haka ba ne. Zan gaya miki abin da ya faru, amma ki bar ni in faro daga baya, domin lokacin da Meram ta bar gidan nan ko makarantar firamare ba ki shiga ba. Kin fi saninta a talabijin fiye da tsakar gida.

Ni da na girme ta na san ta tun ba ta iya ɗaura zane ba. Yarinya ce da bakinta ba ya hutawa. In an ba ta daka sai ta yi wa taɓarya waƙa, in an aike ta rijiya kafin ta dawo ta haɗa wa guga tasa. Baba yana dawowa daga Kasuwar Shanu da yamma, ya zauna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar ɗakinsa yana wanke ƙafa, sai ya ce a gaya wa rediyon gidan nan ta rage sauti. Amma in ta yi shiru sai ya tambaya ko ba ta da lafiya. Ke kanki a bayanta kika yi wayo, don in kika fara rigima babu mai iya lallashinki sai ita, ta goya ki ta yi ta zagaya turken awaki tana rera miki waƙar Barbarci da ta koya a bakin Hajja. Ranar da na fara gane abin nata ya wuce wasan yara ita ce ranar bikin 'yar Goggo a Fika. Mai waƙar da aka ɗauko ta makara, mata suka zauna da ƙwarya a gaba babu mai bayarwa, sai Meram ta karɓa. Ta yi da Hausa, ta juya ta yi da Barbarci, ta ƙara da Bolancin da ta tsinta a kwanakin da muka yi can. Tsofaffin gidan suka riƙa tambayar 'yar waye wannan.

Safiyanu, Allah ya jiƙansa, ba ki riƙe kamanninsa sosai ba. Siririn Bafulatani ne mai yawan dariya, iyayensa sun bar kiwo sun zauna a gari, shi kuma yana sayar da kaset a bakin tasha. Shi ya ga Meram ya ce yana so, ita ma ta ce ta ji ta gani, aka yi aure lafiya. Yana da wata rakoda mai baki biyu da yake ji da ita kamar ransa. Da ita ya ɗauki muryar matarsa a ɗakinsu, ya ba wani direba kaset ɗin ya kai wa masu shirya waƙoƙin fim a Kano. Duk mun ɗauka shirme ne irin nasa. Ba a daɗe ba sai ga saƙo, ana nemanta. Shi da kansa ya zo ya durƙusa gaban Baba ya yi bayani, ya ce ba za a ga fuskarta ba, murya kawai za ta bayar, kuma ƙafarsa ƙafarta. Baba ya ce mata tana hannun mijinta, Allah ya tsare.

Kano ba ta karɓe ta da sauƙi ba. Daga baya take ba ni labari muna dariya, amma a lokacin kuka ta sha. Kin san Hausarmu ta nan. In ta ce ƙauna sai ta fito kauna, ta kira mace da ya, ta kira namiji da ta. A sutudiyo sai a tsayar da kiɗa a ce ta sake, 'yan amshi suna ƙunshe dariya cikin gyale. Safiyanu ya ce shi zai gyara mata harshe, alhali tasa Hausar ta fi tata karkacewa. Wata tsohuwa mai waina a layinsu ce ta ji tausayinta, kullum da safe Meram ta je ta taya ta fifita wuta, tsohuwar tana gyara mata baki kalma bayan kalma, har harshen ya miƙe.

Ba zan manta da zamanin nan ba, Khalida. In sabon fim ya fito Babaji ya karɓo haya, a tayar da ɗan janareto, matan layinmu su cika ɗakinsa har ƙofa. Sai a zo wurin waƙa, wata yarinya fara da ba mu taɓa gani ba ta buɗe baki, muryar Meram ta fito. Hajja ba ta taɓa sabawa da wannan ba. Ta ce ita ba za ta kalli baƙuwa tana tauna muryar 'yarta ba, sai ta juya wa talabijin baya, ta rufe ido tana saurare. Ke kuma kina tsalle kina nuna akwatin kina cewa Ya Meram tana ciki. A shekarun nan ne ta yi Motar Laraba, waƙar matar da ke jiran mijinta direba ya dawo daga kai shanu kudu. Ita ta tsara ta da kanta, kuma duk wanda ya tashi a garin nan ya san daga inda ta ɗauko. Ranar kasuwa in kika ratsa wajen lodi, kowace tirela ita take yi. Dillalai suka sa wa Baba suna baban mai waƙa. Yakan ɗaure fuska ya ce a yi maganar ciniki, amma Babaji ya rantse mini ya sha kama shi yana kaɗa sandarsa daidai da kiɗan.

Sai Allah ya karɓi Safiyanu a hanyar Azare, yana dawowa gaida mahaifiyarsa. Ba su samu haihuwa ba. A ɗakin Hajja ta yi takaba, kuma a watannin nan ban ji ko ɗan guntun waƙa a bakinta ba. Da ta fita, masu fim suka aiko suna so ta fito da fuskarta, har sun zaɓa mata wani suna mai daɗi wanda ba zai nuna inda ta fito ba. Ni na raka ta gaban Baba. Ta gaya masa waƙa kaɗai ba ta riƙe mutum, kuma wannan ce sana'ar da ta iya, ba ta so ta zauna a ɗaki tana jiran abin da 'yan'uwa za su miƙo. Ya ja carbinsa. Da ya buɗe baki, ba fim ɗin ya fara tambaya ba, sunan ya tambaya. Ya ce, "In aikin da za ki iya yi da sunanki da sunana ne, je ki yi. In kuwa sai kin ɓoye, to ki bar shi." Shi ya sa har yau a ƙarshen kowane fim Meram Mala Potiskum ake rubutawa.

Fim ɗin da ya fito da ita kin san shi, wanda ta fito a Bara'atu mai turaren wuta. Abin dariya, harshen da ta sha wuya ta gyara shi darakta ya ce ta dawo da shi, don Babarbariya ake so. Ta ce ranar ji ta yi kamar ta cire takalmin da ya matse ta. Daga nan ƙofa ta buɗe. In ta zo hutu sai mun sa sakata a zaure, 'yan mata suna leƙe ta katanga, har matan da ke zaginta a wurin biki suna aiko yara a karɓo musu hoto. Ta je Yamai, ta je Garwa, ta je Kumasi, ko'ina ana tarbarta. Amma kada ki ɗauka daɗi kawai ta sha. An zage ta a kan mumbari ba a san ta ba. Maneman aure sun zo da yawa, kowa da sharaɗin ta bar sana'a tun kafin ya san abincin da take so. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne rasuwar Baba, a shekarun da garin nan ba ya zaune lafiya, hanya duk shinge, ga dokar hana fita. Ta taso daga Kano da jin labari, aka tsare su a hanya, ta iso an riga an dawo daga maƙabarta. Ta zauna ƙarƙashin darbejiyar nan har rana ta faɗi.

To, ga abin da ba ki sani ba. Shekarun baya wani kumburi ya fito mata a wuya, maƙoƙo. Ta riƙa rufe shi da ɗan mayafi da take naɗawa a wuya, har 'yan mata suka ɗauka sabon yayi ne suka kama kwaikwayo. Mu kanmu ta ɓoye mana. Likita ya gaya mata sai an yi aiki, kuma ya faɗa mata gaskiya cewa jijiyar murya tana kusa da wurin, ana iya taɓa ta. Jin haka ta gudu. Ta sha sassaƙe, ta sha rubutu, ta shafa duk abin da aka ce a shafa, abu yana ƙara girma, har ta kai in ta hau bene sai ta tsaya neman numfashi. Da azumin bara ta zo gida, ta cire mayafin a gaban Hajja. Hajja ta shafa wurin da hannunta, ta tambayi abin da likita ya ce, na ɗaga murya na maimaita mata. Meram tana kuka tana cewa in muryar ta tafi me ya rage mata. Hajja ta ce ita 'ya ta haifa, kuma ba ta shirya binne ta don a adana waƙa ba, ta tashi ta shirya kaya, ni in raka ta.

Ni na yi jinyarta a Kano. Ta roƙe ni da girman Allah kada in gaya miki, ta ce ke ma'aikaciyar asibiti ce, kin san abin da ke iya faruwa, hankalinki zai tashi ga nisa. Aikin ya yi kyau, an cire kumburin, kuma da aka gwada shi ba mugun ciwon nan na daji ba ne, mun gode wa Allah. Amma abin da ake tsoro ya faru. Da ta farfaɗo ta buɗe baki za ta nemi ruwa, iska kawai ta fito. Likitoci suka ce gefe ɗaya na jijiyar ya taɓu, magana za ta iya dawowa in ta dage da motsa muryar kamar yadda suka koya mata, amma waƙa irin ta da, kada ta sa rai. Ina kallon fuskarta lokacin da suke faɗa. Ta gyaɗa kai, ta yi musu godiya da hannu, ta juya ta fuskanci bango.

Na dawo da ita gida. Ta shiga ɗakin Baba ta zauna, ba ta fita ko zaure. Motsa muryar da aka ce ta yi ta ƙi, in tana son abu sai ta nuna ko ta yi raɗa. Waya kuwa ta daina ɗauka gaba ɗaya, sai dai ta rubuta saƙo. Na san kin ji zafin wannan, har kin ce mini ko girman kai ne ya kama ta. Wallahi ba haka ba ne. In sunanki ya fito a wayar sai ta riƙe ta a hannu tana kallo har ta katse, sannan ta share ido ta rubuta miki cewa tana wurin aiki.

Hajja ce ta fitar da ita, kuma ban san ko da gangan ta yi ba. Kin san ba ta jin raɗa. Ta kafa doka cewa babu mai ba ta magani ko ya shafa mata man zafi a gwiwa sai Meram. In Meram ta ce ga magani, sai Hajja ta kara hannu a kunne ta ce me kika ce. Ta sake, Hajja ta ce ita fa ba ta ji ba. In ta yi nuni da hannu sai Hajja ta kau da kai ta ce idonta ba ya gani, alhali tsohuwar nan tana zura zare a allura. Haka za su yi ta yi, Meram tana ƙoƙari har jijiyar wuyanta ta tashi, wani lokaci ta fita da fushi. Wata safiya ina dama koko na ji wata murya daga ɗakin Hajja, mai kauri, a dushe, kamar ta wadda ta tashi daga mura, tana cewa Hajja ki sha maganin nan don Allah kin gajiyar da ni. Na ɗauka baƙuwa muka yi. Na leƙa, sai na ga su biyu ne kawai, Hajja tana miƙa hannu tana cewa ai da haka kika faɗa tun ɗazu.

Maganar ta dawo, amma ba muryar da kika sani ba ce. Waƙa kuwa ta tafi. Sau ɗaya na ji ta gwada, tana wanke-wanke a bakin rijiya, ta ɗauka babu kowa. Ta fara baitin farko lafiya, da ta zo inda ake hawa sama sai muryar ta tsinke. Ta tsaya da kwano a hannu. Na koma ɗaki da sauri don kada ta gan ni, na yi kukana. Ba zan yi miki ƙarya in ce ta warware daga wannan ba. Har yanzu in mai sayar da rake ya wuce da waƙarta a rediyo, sai ta tashi ta sami abin yi a bayan gida.

A watan jiya Aliyu ya zo, wanda ya fara buga mata fiyano tun zuwanta Kano, yanzu shi ma ya zama darakta mai furfura. Yana shirya fim mai dogon zango, yana so ta fito a uwa, matar da mijinta ya rasu ta riƙe cinikin shanunsa. Da ya ji muryarta sai ya sunkuyar da kai, cikin tausayi ya ce kada ta damu, akwai wata yarinya mai zaƙin murya da za a ɗora a kan bakinta. Na ga ran Meram ya ɓaci. Ta ce masa ta gode, amma in yana son ta to da wannan muryar zai ɗauke ta, in ba ta yi masa ba ya nemi wata, babu ɓacin rai. Ya ce a gwada. Ranar Laraba suka shiga Kasuwar Shanu da kyamara, Babaji ya yi musu jagora, ni ma na sa hijabi na bi su, ina tsaye nesa. Ga kukan shanu, ga hayaniyar dillalai, ga masu kallo sun yi da'ira. Aka ce ta tsawata wa wanda ya fito a ɗanta don ya sayar da bijimi ba da izininta ba. Farko muryar ta maƙale, aka tsaya ta sha ruwan ɗumi. Da ta sake, ta ɗaga sandar da ke hannunta ta yi masa faɗa da Hausarmu ta nan, muryar tana gurzawa, har yaron ya ja da baya da gaske. Wani tsohon dillali abokin Baba da ke kusa da ni ya girgiza kai ya ce haka Mala yake faɗa in an taɓa masa ciniki. Aliyu bai sake tayar da maganar yarinyar nan ba.

Bayan sallah za su fara ɗauka, rabi a nan rabi a Kano. Tana shan maganinta kullum kamar yadda aka ce, ta rame kaɗan amma tana cin abinci, tabon wuyan kuma ta daina rufe shi a cikin gida. Jiya na gaya mata na gaji da ɓoye miki, zan rubuta komai. Na ɗauka za ta hana. Ta murza zoben hannunta, sannan ta ce in rubuta, ita ma ta gaji.

Hajja tana gaishe ki, ta ce ki aiko mata da man zafi irin na wancan karon ta hannun Malam Kyari, da dabino in babu nauyi. Babaji da iyalinsa suna gaisuwa, haka Goggo daga Fika, kullum sai ta tambayi yaushe za ku zo. Ki gaida mini maigidanki da kyau, ki shafa mini kan Raudatu da ƙanenta, ki sa mu a addu'a in kin samu shiga Harami.

Meram tana zaune a gefena yanzu, na karanta mata abin da na rubuta. Na tambaye ta saƙon da zan ba ki, ta ce in rubuta shi yadda ta faɗa: "Ki ce wa autar Hajja ta kira ni, zan ɗauka. Ta kira da safe, da safe muryar ta fi fita. In ta ji kamar ba ni ba ce, kada ta kashe, ni ce."

Allah ya sada mu da alheri.

Yayarki mai kewarki,
Basira Mala